Idon da Na Buɗe Ba da Izini Ba

Shekarun baya, ranar wata Asabar da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, mu uku ne a tsakar gidanmu na Ƙofar Ruwa: ni, da matata, da yayata wadda ƙyanda ta tafi da idanunta tun tana 'yar shekara biyar. Watannin da soja suka miƙa mulki ga farar hula ne, duk tashar da ka murɗa maganar 'yancin faɗin albarkacin baki ake yi. Yaya tana haɗa turaren wuta, sana'ar da ta gada wajen kakarmu 'yar Barno, sai ta ce, "Malam Akawu, tunda an ce baki ya buɗe, ɗauko tafiretarka. Ina da labari."

Ni akawu ne a wani ofis. Karatuna bai yi nisa ba, amma ina da tsari. Na yanka mana doka: kullum bayan La'asar ta faɗa in rubuta da biro, da safe in buga shafi uku. Wata ɗaya muka yi a haka.

Labarin wata makauniya ce mai sayar da turare. Daga yadda aka turo ƙyaure take gane ko da fushi aka shigo. In ta je kanti, mai kanti ba ya yi mata magana, sai ya tambayi wadda ta rako ta, "Me take so?" Danginta suna ƙaunarta, amma sun hana ta hura wuta, sun hana ta fita ita kaɗai, har fatiha suke shafa wa shawarar da aka yanke a kanta ba ta nan. A ƙarshe ta kama ɗaki ta buɗe shagonta. Shafi casa'in, babu launi ko ɗaya a ciki.

Na kai wa wani mai buga littattafai. Ya duba ya ce, "Malam, jarumar fara ce ko baƙa? Kuma wa zai sayi littafi a ƙare shi tana makauniyarta?" Maganar ta shige ni. Na dawo na yi gyara ba tare da na gaya wa kowa ba. Da farko na mai da ita fara doguwa. Sannan na ɗinka mata shuɗin leshi. Daga ƙarshe na kawo likita daga ƙasar waje ya buɗe mata ido a shafi na tamanin da takwas. Har yabon kaina na yi, wai na yi jinƙai.

Abin da ban lissafa ba shi ne matata. Ina ofis ta ɗauki takardun ta karanta wa Yaya tun daga farko har ƙarshe.

Na dawo na tarar da su zaune, kaskon turare ya mutu. Yaya ta ce, "Sannu da zuwa, likita."

Na ce, "Yaya, kasuwa ce ta..."

"An ce soja sun koma bariki, ashe an bar mana ɗaya a gidan nan. Wa ya ba ka izinin taɓa mata ido?"

Na ce ai tausayinta na ji.

Ta ce, "Tausayin nan shi ta yi shafi casa'in tana gudu. In sai ta gani za ta zama mutum, to ni shekara arba'in mece ce a wurinka? Kuma shuɗin nan da ka sa mata, ƙamshin me yake?"

Matata ta kawar da kai tana danne dariya.

Washegari na sake ɗaura takarda a tafireta. Na cire likita, na cire leshi, na mayar da kowace kalma inda ta ajiye ta. Mai buga littattafai ya ƙi karɓa, sai muka yi hoton takardun kwafi ashirin, Yaya tana ba masu sayen turarenta aro. Wata rana wata dattijuwa daga Ƙofar Na'isa ta dawo da nata duk ya sha hannu. Ta ce 'yarta ba ta gani, sau uku aka karanta mata, yanzu 'yar ta ce a bar ta ta dafa tuwon dare da kanta, kuma an bar ta.

Yaya ta rasu, Allah ya jiƙanta. Kwafi ɗaya yana akwatina, har yau ƙamshin sandal yake yi. Na karanta littattafai da yawa bayan nan, sai na lura wanda aka tauye a labari ba kullum magani yake nema ba, sau da yawa so yake a matsa masa daga hanya. Yaya ta san wannan ba tare da ta taɓa ganin harafi ba. Ni da idanuna biyu sai da aka karanta mini.

Roƙona gare ku ɗaya ne. In akwai wanda ba ya gani a gidanku, ku karanta masa wannan yadda yake, kada ku ƙara kada ku rage. In kun gama, ku tambaye shi nasa labarin, shi da kansa, ba wanda ke zaune kusa da shi ba.