Bugun Jinin Kwamanda

A ƙasarmu babu ƙabilanci. Gwamnatin soja ta soke shi ta rediyo, kowa ya ji.

Dokta Zeinabu ma ta ji. Duk da haka, kowace safiya, lokacin da kogin Kwara ke tururi kamar bai gama farkawa ba, jiragen masunta suna shawagi a cikinsa, takan shimfiɗa tabarma a bakin gadar Gaya. Jami'a ce ta turo ta binciken abin da jiki ke yi idan ido ya ga baƙuwar fuska. Sai ta riƙe wuyan hannun mutum, ta riƙa nuna masa hotuna: Buzu da rawani, Bazabarme da zanensa, 'yar Malanville ta ƙetaren gada da tire a kai. Wani hoton ya wuce shiru kamar ruwa, wani kuwa jijiya ta zabura tun baki bai ce komai ba.

"Madam, hannunki ne ya tsinka mini zuciya, ba Buzun ba," in ji Ado direban kamyo, babbar motar kaya.

"Tun ɗazu nake riƙe da kai, Ado. Sai yanzu ka lura?"

Ran nan kwamanda ya iso da jandarmomi. Tunda an soke ƙabilanci, duk wanda aka same shi da shi ya karya doka. Ya ce ta nuna masa waɗanda jininsu ya zabura, akwai wuri a gidan kaso. Ado na tsaye, ya daina dariya.

"Ranka ya daɗe, kawo hannunka," in ji Zeinabu.

Masu sayar da goro a bakin gadar sun shaida ya miƙa. A hoto na farko babu komai. A na biyu ta ɗago ido ta dube shi.

"To, mu tafi tare. Nawa jinin ma haka yake yi."

Ba a kama kowa ba.

Ke ce, Zeinabu, mai sauraron abin da baki ke ɓoyewa. Kin koya mana cewa zabura ba laifi ba ce, abin da hannu ya aikata bayanta shi ne magana. Mun gode. Masu ilimi su yi koyi da ke, idan suna da wani wurin kwana.

Kafin damina ta faɗi aka bai wa wani kujerarta a jami'a. Ba ta kai ƙara ba. Tun ranar take koyar da ƙidaya a lakwal, makarantar yara ta garin Yelu, kuma bana za ta ajiye alli. Yaran suna kiranta Madam kawai.