Ɗakin da ke bayan rumbu

Duk lokacin da na ji ƙanshin gasasshiyar masara a bakin titin Funtua, Baffa nake tunawa. Ƙanin mahaifina ne, shi ne auta a ɗakinsu. A ƙauyenmu da ke kusa da Maska, idan masara ta nuna, yakan hura wuta a gefen gona ya gasa mini, ya riƙa hura mata iska har ta huce kafin ya miƙo.

Ban san lokacin da ya fara canzawa ba. Na dai lura ya daina zama a dandali da samari, ya koma ɗakinsa na bayan rumbu yana rufe ƙofa da rana tsaka. Ciyawa ta cinye masa gonar auduga, bai ko leƙa ba. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce lalaci. Kakata, wadda muke kira Iya, ta karɓo rubutu, ya sha bai yi musu ba. Wata rana na kai masa tuwo na tarar da shi zaune yana kallon bango.

"Baffa, ba ka da lafiya ne?"

"Babu inda ke mini ciwo, 'yata," ya ce. "Gajiya ce kawai, wadda barci ba ya maganinta."

Bayan an gama girbin dawa, wata safiya aka same shi ya kashe kansa. Mu yara aka tura mu gidan maƙwabta. Ta katanga na hango maza sun yi cirko-cirko a ƙofar gida, liman ya sunkuyar da kai, babu wanda ya matsa gaba. Sai kakanmu ya fito da sandarsa.

"Malam, in ba za ka iya ba, ni zan sallaci ɗana. Abin da ke zuciyarsa Allah kaɗai ya sani."

Shi ya shiga gaba. Sahun bai yi tsawo ba.

Daga ranar aka daina ambaton Baffa a gidanmu. Aka zuba buhunan taki a ɗakinsa. Iya ce kaɗai takan manta ta zuba tuwo a kwanonsa, in ta tuna sai ta tura mini ba tare da ta dube ni ba. Ni kuwa in ci, don kada ta ga ya dawo a cike.

Da na je karatu Zariya, na karanta littattafan masu falsafa da suka yi ta muhawara kan mutuwa da yanke ƙauna, da ko rayuwa ta cancanci wahalarta. Na yi ta neman Baffa a cikinsu, ban same shi ba. Yanzu likitoci suna kiran abin ciwon damuwa, har magani ake bayarwa. A lokacinsa ko suna ba mu da shi.

Iya da kakanmu sun daɗe da rasuwa, ɗakin ma damina ta rushe shi. Bara da na kai yarana gida, ƙaramar ta tambayi mahaifina su nawa Iya ta haifa.

"Mu huɗu ne," ya ce.

Na ɗago na dube shi. Ya kau da kai, yana murza carbinsa.

"A'a," ya ce a hankali. "Mu biyar ne. Zo ki zauna in ba ki labarin autanmu."