Garmar Baba Tana Ainu Shams

Talata: daga gida zuwa Kano

Biyar saura kwata na asuba na fito da jakata. Mama na zaune a bakin gado, ta riga ta yi mini addu'a sau biyu. Idonta ya yi rauni, amma kunnenta ko allura ce ta faɗi sai ta ji. Ta riƙe hannuna ta ce, "Auta, ka je wurin yayarka Saratu ka karɓo garmar babanku. Ina so in ji Waƙar Kaka yadda ya bar ta, kafin Ubangiji ya kira ni."

Yaya Bulus, babbanmu, shi ya kai ni tashar Zariya. Sai da na zauna a mota ya miƙo mini wani ƙulli a leda ta taga, ya ce, "Ka ba ta," ya juya.

Kafin mu kai Kano bari in faɗa wa wanda bai san gidanmu ba abin da ya haɗa mawaƙa da garma. Babanmu, Malam Dauda, manomi ne mai jan waƙa a majami'a. Shi da Mama suka fara rera waƙoƙin bishara su biyu, duk ɗan da ya yi wayo kuma sai a ba shi muryarsa. Bulus ya samu babbar murya, Saratu ta tsakiya, Rahila siririya, ni kuma aka ce in toshe duk ramin da ya rage. Baba bai taɓa rubuta waƙa ba. Abin da yake da shi ƙarfen wata tsohuwar garma ne a rataye da igiya. Ya buga shi da ƙusa, daga wannan amon kowa zai ɗauki muryarsa. Da haka muka zagaye majami'u da bukukuwa, har muka yi kaset uku.

Da muka girma sai Yaya Bulus ya kamu da waƙoƙin sol na baƙaƙen Amurka. Ya tara suma, ya sayi wando mai faɗin ƙafa, ya koya mana jan murya da lanƙwasa ta. Baba ya saurara ya ce ba laifi, kukan mai neman Allah ne da na mai neman mata suka haɗu. Bayan rasuwarsa Bulus ya kawo kibod, piyanon nan na lantarki, ya ce a gaban mutane zamanin garma ya wuce. Wata uku bayan haka Saratu ta samu aiki a Masar, ta tafi, garmar ma ta ɓace daga bango. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Tana kiran Mama duk Lahadi, amma da an ambaci waƙa sai layi ya lalace.

Shinge uku muka wuce. A na biyu ɗan sanda ya tambayi sana'ata, na ce mawaƙi. Ya dubi tumbina ya ce, "Lallai waƙa na ciyarwa." Mun shiga Kano takwas da rabi, jirgi ya tashi da azahar.

Laraba: Faisal

Mun sauka Alƙahira bayan magariba ranar Talatar, bayan kusan awa biyar a sama. Malam Hadi ne ya tare ni. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu muna yara, yanzu yana karatun digiri na uku a fannin hadisi, gemunsa ya fara furfura. Gidansa hawa na shida a unguwar Faisal, na'urar hawa kuma ta mutu. A hawa na huɗu na tsaya ina haki, ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, Ishaku. Ina numfashin da kake cika mana unguwa da shi?"

Da safe matarsa ta kawo wake dafaffe da suke kira ful, da gurasa, da shayi mai sukari kamar za a yi alewa. Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya yi dariya har ya ajiye kofi.

"Wato ka hau jirgi ka ƙetare Sahara don garma?"

"Aiken Mama ne."

"Khalas, an gama magana. Ni ma na san amonta. Da na ji ta nake sanin lokacin makarantar allo ya yi. Tun da kuka koma kibod, waƙarku ta daina shiga gidanmu da daɗi, kunya ce ta hana ni faɗa."

Na ji haushi, na kuma ƙara gurasa.

Juma'a: Ainu Shams

Saratu na kula da wata tsohuwa a unguwar Mohandessin, Juma'a kaɗai take hutu, don haka Alhamis a kwance na yi ta ina jinyar ƙafafu. Mun fita tara na safe. Ƙaramar bas ta kai mu tashar jirgin ƙasa, direba na ta "Yalla, yalla" tun ƙafata ɗaya na waje. Mun canza jirgi sau ɗaya, goma da rabi muna Ainu Shams, unguwar da take zaune. Malam Hadi ya nuna mini ƙofar ya wuce masallaci, ya ce rigimar gidan Malam Dauda ta fi ƙarfin karatunsa.

Saratu ta buɗe, ta dube ni daga sama har ƙasa. "Auta, kai ne ka zama haka? Wa ka cinye?"

Ta rame, kanta ya yi fari. Na gaishe ta. Ɗaki ɗaya ne da ɗan wurin girki. Ga garmar nan a bango bayan ƙofa, da igiyarta ta dā, da cokalin shayi a rataye kusa da ita.

Bayan mun ci shinkafa da miyar kuka, wadda ta ce kukar daga hannun wata Basudaniya take saye, na kunna mata Waƙar Kaka a waya, yadda muka rera bara mu uku. Ba ta bari an kai rabi ba.

"Wa ya ba ku murya?"

"Kibod ɗin Yaya Bulus."

"Shi ya sa Rahila ke ihu kamar an taka mata ƙafa. Kai kuma kana ƙasa kana lalube. Amon garmar nan ba ya cikin kibod, tsakanin maɓalli biyu yake. Shekara goma sha ɗaya kuna rera waƙar wani, kuna cewa ta Baba ce."

Na ce to, ai shi ya sa Mama ta aiko ni in karɓa. Fuskarta ta canza. Ta ce wanda ya ce zamaninta ya wuce, ya zo da bakinsa ya ce ya dawo. Sai a nan na tuna da ƙullin. Ta kwance ledar, ta kwance tsumman da ke ciki. Ƙusar Baba ce, doguwa, kanta ya baje don bugu. Ni ban ma san tana nan ba. Ashe duk shekarun nan tana wurin Yaya Bulus, an goge ta da mai, ko tsatsa babu.

Saratu ta daɗe tana juya ta. Ta tashi, ta cire cokalin ta jefa cikin kwano, ta buga garmar sau ɗaya. Wallahi ban yi niyya ba, bakina ne ya buɗe da kansa. Muryata ta zauna inda aka yanka mata wuri tun ina ɗan shekara shida, tata ta shigo ta ƙarƙashi. Mun kai baiti na biyu, inda Bulus ke shigowa, muka tsaya tare, don ba mai shiga. Na yi kuka, ba na musu. Ita ta ce albasa ce, alhali an gama girki tun ɗazu.

"To in ɗauka?" na tambaya.

"Ajiye hannunka. Da ni ta zo ƙasar nan, ba za ta hau jirgi da kai ba. Ka ce wa mai wando mai faɗi ya fara gyara maƙogwaro."

Litinin: gida

Malam Hadi ya raka ni filin jirgi ranar Lahadi, yana ta yi mini tsiya cewa ni ne ɗan aiken da ya tafi da kaya ya dawo hannu rabbana. Na kwana Kano, na iso gida sha ɗaya na safe. Tun daga Kwanar Dangora nake shirya yadda zan faɗa wa Mama na kasa.

Na durƙusa gabanta, Yaya Bulus na tsaye a bakin ƙofa yana yi kamar takalminsa yake dubawa. Na ce, "Mama, ta hana. Ta ma riƙe ƙusar. Wai garmar ba za ta hau jirgi da ni ba."

Mama ta lalubo kaina ta shafa.

"Madalla. Da ka dawo da garmar, da na san 'yata ba za ta dawo ba. Bulus, a share ɗakinta kafin kaka."

Na gode wa Ubangiji da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Hadi da iyalinsa. Kibod ɗin kuwa, tun ranar Talatar da na tafi Yaya Bulus ya lulluɓe shi da zane, wai ƙura ke damunsa.