Baƙar Ƙasar da Yayana Ya Kwashe

Godiya ga Allah da ya shimfiɗa ƙasa ya ajiye abincin bayinsa inda ya so a cikinta, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Abin da zan faɗa a idona ya faru, cikin shekarun farko da aka datse gulbi a Goronyo, ruwa ya koma zuwa mana ta kanal.

Kafin dam, gulbi kan cika da damina ya malale fadamarmu ta Wurno. In ya janye sai ya bar laka mai laushi, mu bi sawunsa da iri. Da aka datse shi malalar ta ragu, lakar ta daina zuwa. Aka shigo da katafila aka baje gonaki, aka ja magudanai, aka sake rabon ƙasa. Ni na sami yanki kusa da hanya. Yayana, wanda nake bi, nasa ya faɗo can gefen tudu, wurin da ake kira kufan maƙera.

Yayan nan nawa tun yana saurayi bai taɓa yin rani a gida ba. Da an gama girbi zai ɗaura kaya ya tafi kudu sayar da ruwa, sai hadarin farko ya dawo da shi. Sandar ɗaukar garwa ta yi masa kanta a kafaɗa, gwiwa ɗaya kuma ta fara ciwo. Inna ta tsufa, idonta ya ragu. Ta sha gaya masa ba ta son ajali ya same ta yana wata ƙasa. Da aka yi rabon nan sai ya yi mata alkawari: in filin ya ba shi abin da zai riƙe gida da rani, ya bar tafiya ke nan. Shi ya sa duk gidanmu ido ya koma kan wannan yanki.

Ranar da muka je ganinsa, ya sa fartanya ya kafta sau ɗaya, ya tsaya. Ƙasar baƙa ce wuluk, amma ba irin baƙin laka ba. Gutsattsarin gawayi ne cike da ita, wani kamar ƙwayar gero, wani kamar ɗan yatsa, ga kashin maƙera, wato dattin narkakken ƙarfe, jefi-jefi. Dattawa sun ce a nan maƙeran da suke ƙona itacen ƙirya su yi gawayin narka tama, uba ya bar wa ɗa. Bayan sun tashi, Fulani suka mai da wurin mashekari, kowace kaka shanu a nan suke kwana. Ba wanda ya taɓa nomansa, don ruwa ba ya hawa can sai da kanal ya zo.

Mu dai toka muka sani taki ce. Gawayi kuwa a wurinmu mataccen abu ne, wanda wuta ta ci ta rage. Kowa ya ga yadda ramin masu gawayi kan zauna ba ko ciyawa. Ni ma da shi nake haɗa tawada tun ina gaban mahaifinmu, na kuma ga rubutun kakanni takarda ta ci amma baƙin yana nan. Abin da ba ya ruɓewa, ta yaya zai ciyar da shuka? Haka duk muka ɗauka. Maƙwabtan gona suka samu abin wasa. Wani ya ce wa yayana, "Malam, kai ka huta da dashe. Buhu kawai za ka kawo ka riƙa ɗiba kana kai ma masu tsire." Aka yi dariya, shi bai yi ba.

Sai ya yanke shawarar kwashe baƙar ƙasar gaba ɗaya har ya kai ga ƙasa ta gari. Ya aro jakai da mangaloli. Abin da ya rage shi ne inda zai zubar, don ba mai yarda a jibge masa gawayi a iyaka.

Muna da taubashiya, ɗiyar goggonmu, mijinta ya rasu ya bar ta da marayu. Gidanta na bakin gari, tana turara shinkafa tana sayarwa. A bayan ɗakinta akwai wani babban rami da aka haƙi ƙasar gini, ruwa na kwanciya a ciki, sauro ya hana su barci, akuyarta ma ta taɓa karyewa a nan. Da ta ji labari ta tare shi a ƙofar Inna.

"Ubangidana," ta ce, don haka take kiransa in tana son tsokana, "an ce gwamnati ta ba ka murhu."

"Baiwa ba ta magana in manya na tunani."

"To manya, in zubarwa za ku yi, ku kawo mani. Ramina ya ishe ni."

"Mi za ki biya?"

"Hura. Ba nono."

Ya yi mata kyautar ƙasar a gabanmu, har yana cewa ta rage masa nisa. Na taya shi wasu ranaku, na ga aikin da ya sha. Tun sanyin safiya yana shebur, jakai na kai da komo ta tsakiyar gari, yara na binsu suna kiransa sarkin maƙera. Fuskarsa baƙa, rigarsa baƙa, har majinarsa baƙa. Gwiwar ta kumbura ya ɗaure ta da tsumma ya ci gaba. Da ya kai ga wani farin rairayi a ƙarƙashi, ya kira ni. Ya ɗebo shi a tafin hannu yana murna. "Dubi nan. Ga ƙasa mai tsabta." Ramin taubashiya kuwa ya cika har ya yi tozo.

Ya ja fangali, ya dasa albasa. Daga nan abin ya fara ba mu tsoro. Ruwan kanal bi da bi ake sakinsa, kowane ɓangare da ranarsa. In ya ba nasa ruwa da hantsi, kafin la'asar wurin ya bushe kamar ba a taɓa jiƙa shi ba. Ya zuba takin zamani, ruwa ya wuce da shi ƙasa. Lawashin ya tsaya siriri, bakinsa ya yi rawaya, ya kwanta. Ya ce iri ne, ya sake wani. Ya ce tsutsa ce, ya tona bai ga komai ba. Har rubutu ya sa na yi masa ya yayyafa, ko baki ne ya kama wurin.

Ana cikin haka taubashiya ta aiko wa Inna da kwando: alayyafo mai faɗin ganye, tattasai, da albasa ɗanya manya-manya. Inna ta shafa su da hannu ta ce, "Wagga yarinya ina ta samu kuɗin wanga kaya? Ku tai ku yi mata godiya, ku kuma ce ta bar wahal da kanta." Bayan azahar muka tafi mu biyu.

Muka yi sallama, ta amsa daga bayan ɗaki ta ce mu zagayo. Yayana ne a gaba. Yana shan kwanar katangar na ga ya tsaya cak, har na yi karo da bayansa.

Inda ramin nan yake, kore ne shar, ba ka ganin ƙasa. Alayyafo ya kai gwiwa. Tumatir ya rinjayi sandunan da ta kafa masa. Albasa ta fasa ƙasa ta fito da kafaɗunta waje, lawashi tsaye, mai duhun kore. A tsakiyar rani, a bayan ɗakin mace mai guga ɗaya. Na ji bakina yana ta maimaita salati ban san na fara ba.

"Wane taki kika sa?" in ji yayana.

"Taki? Ni da ban da na sayen gishiri?" Ta ce ita ba ta yi niyyar lambu ba. Ruwan wanke-wanke take watsawa a wurin, sai ta ga tumatir ya tsiro da kansa, ya ƙi mutuwa. Shi ne ta roƙi ragowar iri wurin maƙwabta ta soka.

"Ruwa hwa? Kullum kike ba shi?"

"Ina na ga ƙarfin kullum? In na ba shi yau, sai na manta da shi."

Ya durƙusa a kan gwiwar mai ciwo, ya tura hannu cikin ƙasar har wuyan hannu. Ya fito da ita a dunƙule, da danshi, da sanyi. Fararen saiwoyi sun nannaɗe gutsattsarin gawayin, wasu sun shige cikinsa. Ya fasa ɗaya da farce, cikinsa jiƙe, ya kai hanci. Ni ma na sansana: warin mashekari ne, warin garke bayan ruwan farko. Sai ya zauna daɓas a ƙasa, da rigarsa ta zuwa masallaci.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce. "Da hannuna. Da jakan aro."

Taubashiya ta buɗe baki za ta yi tsokana, ta dubi fuskarsa, ta rufe. Ta shiga ta kawo masa ruwa. Bai sha ba.

Albasarsa ta wannan shekara ba ta fi ƙwan zabo ba, dillalai ko tayawa ba su yi ba. Damina ta zo ta wuce. Da aka fara ɗaure gero, abokan tafiyarsa suka soma zancen mota. Inna kuwa ta rage cin abinci. Wata safiya ya ce in raka shi gidan taubashiya. Na san abin da zai roƙa, na kuma san nauyin da yake ji.

Ya daɗe yana gaisuwa kafin ya ce, "Ƙasar nan nika so ki mayar mani. Ko rabi."

"A'a."

Ba wasa a muryarta. Ni kaina na razana, don ban taɓa jin ta yi masa magana haka ba.

"Gonata ta," ya ce.

"Da. Gaban Inna ka ba ni, ga ƙanenka nan shaida. Marayun ga da ita suka ci bana, ban roƙi kowa hatsi ba. In ka kwashe ka bar ni da rami da sauro, in ce masu mi?"

Ya miƙe zai fita. Ta ce, "Zamna, ban ƙare ba. Kai kullum gaggawa, ita ta kai ka ga rairayi."

Ta gaya mana ta so ta faɗaɗa lambun, sai ta sa wa ɓuntun shinkafarta, wato ƙaiƙayin, wuta a hankali har ya yi baƙi, ta haɗa da gawayin murhu ta zuba a sabon wuri. Shukar ta yi rawaya, ta tsumbure. Ragowar ta share ta watsa ƙarƙashin turken awaki don ya tsotse fitsari. Bayan wani lokaci ta kwashe shi da kashin awakin ta kai lambu, wurin ya yi kyau kamar na tsohuwar ƙasar.

"Sabon gawayi da yunwa shika zuwa," ta ce. "In ka kai shi gona haka, abincin shukar zai shanye. Sai ya ƙoshi tukuna. Naka shanun Fulani sunka ciyar da shi tun ba a haife mu ba."

Sannan ta faɗi abin da za ta iya. Rabin lambun ya noma da rani, rijiyarta ma ya ja, abin da ya fito nasa. Ba zai kai abin da yake samowa a kudu ba, amma gida ba zai kwana da yunwa ba. Ɓuntunta kuma da turkenta suna nan, ya ƙona, ya ciyar, ya riƙa kai wa filinsa kaɗan-kaɗan.

"In yi noma bayan ɗakin mace, gari na kallo?"

"Gari ya kalle ka kana kwasar gawayi, ba ka mutu ba."

Muka koma gida. Kwanakin da suka biyo baya na ga ya fito da buhun tafiyarsa ya shanya, ya gyara igiyar garwa. Na ɗauka magana ta ƙare.

Ranar da motar 'yan ci-rani za ta tashi, na fito da hantsi don in yi masa rakiya, sai na hangi hayaƙi ya turnuƙe a gefen tudu. Na ruga, wasu ma suka rugo da bokitai, muna zaton gobara ce. Muka tarar da shi tsaye a bakin wani rami da ya haƙa, ya cika shi da karan dawa ya sa wuta. Karan da ake katanga da shi, ake ba dabbobi, ake girki. Mutane suka hau salati. Da harshen wutar ya faɗi, karan ya yi ja bai kai ga zama toka ba, sai ya karɓe bokitin hannun wani dattijo ya sheƙa a kai. Tururi ya tashi ya rufe mu.

"Subhanallahi! Ka ƙone kara, ka kuma hana shi zama toka? Yaro, lafiyarka?"

"Lafiya lau, Baba. Miƙo wancan bokitin."

Muna nan tsaye muka ji motar ta yi ƙaho a bakin kasuwa ta ɗauki hanya. Bai ɗaga kai ba.

Filin bai koma yadda maƙera da shanu suka bar shi ba, har yau. Shekara da shekaru yana kai masa baƙi, fangali bayan fangali, kafin albasarsa ta kai a taya. Amma wannan rani a gida ya yi shi, da waɗanda suka biyo baya. Da Allah ya karɓi ran Inna, cikin zafin bazara ne, ana tsakar cirar albasa. Daga lambu aka kira shi, ya wanke hannu, shi ya shiga kabarin ya karɓe ta. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan namu da naku.