Ɗakin da Malamai Ke Tuɓe wa Takalmi

Shekarun baya da dama, ina ƙarshen shekarar farko a jami'a a Kano, aka ce kowa ya tsayar da babban darasinsa da ƙarami. Nawa biyu ne: Fiziks da ilimin kwamfuta. Fiziks na iya, amma tun ranar da na rubuta wa na'ura umarni ta amsa mini da koren rubutu, zumuɗi ya hana ni zama wuri ɗaya.

Da na je hutu garinmu Beli na gabatar da maganar, kawuna ya ce ai ya taɓa ganin irin na'urar a wani ofis, tafireta ce aka ɗora wa talabijin. Raina ya ɓaci matuƙa. Na miƙe na yi jawabi mai sakin layi uku, babu wanda ya fahimci ko ɗaya. Mahaifina ya yanke hukunci: Fiziks a gaba, in dawo Ƙaraye kusa da gida in koyar a sakandare, mutane su riƙa ce mini Malam. Ni kuwa ba zan zaɓi abin da bai sa wa albarka ba.

Ana gab da rufe rajista ya shigo Kano sayar da bijimi. Na roƙe shi ya zo ya gani da idonsa. Muna isa ƙofar ɗakin kwamfuta, sai ga shugaban sashenmu, farfesa mai furfura, ya sunkuya ya tuɓe takalmansa, ya jera su gefen na ɗalibai, sannan ya shiga.

Mahaifina ya daɗe yana kallon takalman nan. Ya tambaye ni a hankali ko wani babba ne a ciki. Na ga nasara a fili, amma ban iya ƙarya ba.

"Baba, saboda ƙura ne kawai. Tana ɓata na'urar."

"Ko saboda mene ne, ai ya tuɓe," in ji shi. "Ilimin da dattijo ke sunkuya wa ba na wasa ba ne. Sa shi a gaba. Allah Ya yi albarka."

Da gudu na tafi ofishin rajista, ban tuna ni ma na riga na tuɓe takalmana a ƙofar ba sai da na taka tsakuwa.

Har yau ina mamaki: hujjojin da na tsara ba su motsa shi ba, ladabi ya gani ya gane. Ya auna karatuna da ma'aunin da yake auna mutane.