Malmala Huɗu a Kwanon Gwaggo

Ina da shekara ashirin da huɗu tumbi ya fara leƙo ni. Ba irin tumbin da ake tashi a ba mai shi kujera ba ne, ɗan tudu ne kawai da ya sa bel ɗina ya matsa rami biyu. A cikin birnin Zariya wannan ba abin kuka ba ne. Tsofaffin Ƙofar Kibo har barka suke yi mini, wai aikin gwamnati ya karɓe ni. Ni kuwa da nake tuƙa keke kullum zuwa unguwar Kongo, inda nake akawu a wani ofis, ni na san yadda nake isa ina haki, riga ta manne mini a baya.

Wata mai buga tafireta a ofishinmu, 'yar Wusasa, ita ta kawo mini maganin a jikin takardar da ta yago daga wata mujalla.

"Malam, ba wuya," in ji ta. "Ka bar tuwo da shinkafa, ka bar burodi da doya da fura. Ka ci nama da ƙwai da ganye."

Na ce, "To me ya rage a duniya?"

"Ai na faɗa maka. Nama da ƙwai da ganye."

Burina ba shi da yawa. Ramukan nan biyu kawai nake so a dawo mini da su.

Burodin safe da shinkafar rana ba su ba ni wahala ba, don ba mai sa mini ido a kansu. Tuwon dare ne matsalar, domin na Gwaggo ne. Yayar mahaifina ce, ita ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata ina ɗan shekara biyar. Ba ta taɓa haihuwa ba, mijinta kuma ya daɗe da rasuwa, saboda haka tukunyarta ta mutum biyu ce, ni da ita. Kowace safiya Baffa, wanda yake riƙe da gidan, yakan auna wa kowane sashe masararsa da mudu. A shekarun nan hatsi ya yi tsada, mudun Baffa kuwa bai san ƙari ba. Bayan Magariba sai in je ƙofar ɗakinta in ɗauki kwanona, malmala biyu da miya, in kai ɗakina da ke kusa da zaure.

A gidanmu ba a mayar da kwano tas. Dole ka bar ko da loma biyu, shi ne shaidar ka ƙoshi. Kwanon da aka suɗe yana nufin mai tuƙi ta bar ka da yunwa. Tun ina yaro na san wannan, amma na manta da shi daidai lokacin da ya kamata in tuna.

Ban ga ta inda zan fara gaya wa Gwaggo na daina cin tuwonta saboda takardar mujalla ba. Da ta ce ciwo ne, ta sa a yi mini rubutu, ko ta ce wani gida ya fara ciyar da ni, wanda a wurinta ya fi ciwo muni. Sai na nemi mafita a zauren da ke kallon namu, inda wani malami mai ɗinkin manyan riguna yake zama. Gwauro ne, siriri kamar allurar hannunsa. Nakan tsame naman, in ɗan kurɓi miya, in tsallaka in miƙa masa sauran. Bai taɓa tambayata dalili ba. Abin da yake cewa kawai, "Allah ya saka wa mai tuƙi." Mutum ne mai tsoron almubazzaranci, kwano yakan fito daga hannunsa ko wanki ba ya buƙata.

Haka na shiga rayuwar dafaffen ƙwai da tsire da kwaɗon zogale. Makon farko kaina ya yi ta sarawa, na riƙa mafarkin waina. Amma keken ya fara sauƙi.

A mako na biyu na buɗe kwano na ga malmala uku. Na ce a raina lallai Baffa ya ji wa'azi. Malam ya karɓa ya yi addu'arsa, ya suɗe.

Wata safiya na je gaida Gwaggo, ta tsaya tana kallona.

"Kai, kana ramewa."

"Aiki ne, Gwaggo."

"Kana dai cin abincinka?"

"Ba ki ganin kwano?"

"Ina gani," in ji ta.

Na fita ina yaba wa kaina iya amsa. Kwana uku bayan haka malmala ta zama huɗu. Malam mai ɗinki ya fara yin kumatu, 'yan unguwa suna cewa bana sana'ar riguna ta yi albarka.

A mako na shida, wata Juma'a, bel ɗina ya koma raminsa na da. Saboda murna sai na shiga cikin gida tun kafin Magariba, abin da ban saba yi ba, don kawai in zagaya a gan ni. Na tarar da Gwaggo a madafa tana kwashe tuwo. Na tsaya a bayanta ina kallo. Ta mulmula ɗaya ta sa a kwanona, ta sa ta biyu, ta uku, ta huɗun sai da ta kankare gefen tukunya kafin ta cika. Sannan ta zuba ruwa a kan ƙanzon da ya rage ta ajiye gefe. Ban ga wani kwano ba.

Na ce, "Gwaggo, ina naki?"

Ta waiwayo. "Ni tsohuwa me zan ci? Ƙanzon nan ya ishe ni."

A nan na lura da zoben azurfarta, wanda tun ina yaro ko da sabulu ba ya fita daga yatsanta. Ta nannaɗe shi da zare don kada ya sulluɓe. Zaninta ma ɗaurin ya zagayo fiye da inda ya saba tsayawa.

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me? Kullum kwano tas, kuma ga ka sai ƙara zubewa kake yi. Na ce yaron nan ba ya ƙoshi, kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba. Baffanka kuwa ka san mudunsa."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har yau kuma in na tuna sai na ji ta sabuwa. Takardar mujalla ta yi aiki a gidanmu, a jikin mutum biyu, kuma wadda ba ta taɓa ganin takardar ba ita ta fi ni samun sakamako.

Ban gaya mata gaskiya ba, ranar nan ko bayanta, har ta koma ga Allah. Malam mai ɗinki ma da ya ga kwano ya daina tsallakowa bai tambaya ba, kumatun suka koma inda suka fito. Abin da na yi kawai, na jawo tabarma a ƙofar ɗakinta na ce yau a nan zan ci. Na wanke hannu na gutsuri tuwon da na yi mako shida ina gudu. Abin takaici, ya yi daɗi ƙwarai. Na ci ɗaya da rabi na ture kwanon.

"Na ƙoshi."

Ta dubi kwanon, ta dube ni. "Miyar ce ba ta yi ba?"

"Ta yi, Gwaggo. Wallahi na ƙoshi. Daga yau ma biyu sun yi mini yawa."

Ta ɗan jima tana kallona, kamar tana jira in canza magana. Sannan ta jawo kwanon, ta juya fuskarta bango yadda take yi in za ta ci abinci a gaban namiji. Na zauna ina kallon bayanta, ba ta ɗago ba ko sau ɗaya. Da ta gama ta ajiye shi a tsakaninmu, ko wanki ba ya buƙata.