Randar Baba Na'Allah

Kafin a kafa mana turken sabis, duk ƙauyenmu wuri ɗaya waya ke kamawa: gindin ɗorawar da ke ƙofar gidan Baba Na'Allah, mai tufkar igiya. Gidan yana kan tudu, yana fuskantar Benin, sabis ɗin ma na can ne ke tsallako iyaka ya same mu. Don haka layin Benin kowa ke riƙewa. In katinka ya ƙare, wata mata ta hau yi maka bayani da Faransanci, sai Baba ya ce, "To ka ji, ta ce ka tashi ka ba wani wuri." Ko kalma ɗaya ta Faransanci bai sani ba, amma shi ne tafintanmu.

A zamanin nan ƙofarsa ba ta rabuwa da jama'a. Fulani su zo daga ruga su kira 'yan'uwansu da suka yi kudu da shanu, masu shinkafa su tambayi farashi a Kaoje. Da yake sai an bi layi, mai jira ya zauna a tabarma, ya sha ruwan randar da matarsa Batulu ke cikawa kullum a bakin zaure. Baba na tufka, ƙafa a miƙe, yana sa baki a zancen kowa ko ba a gayyace shi ba. Ni kaina a wurin nan na fara jin kukan ɗana na fari, ta waya, daga Bagudo, kuma Baba ya riga ni yin kabbara.

Sai turke ya zo. Kowa ya samu sabis har kan gadonsa, aka watse. A shekarar kuma Batulu ta rasu, randa ta bushe. In ka wuce sai ka gan shi shi kaɗai da igiyarsa, yana amsa sallamar masu babur da ba su ma tsaya ba.

'Yarsa Safina, da ke aikin asibiti a Birnin Kebbi, ita ta aiko masa da ɗan akwatin wai-fai don ta riƙa ganin fuskarsa in ta kira. Ma'azu mai sola ya ɗora faranti a kan rufi, ya ja waya, ya sa layi, ya rataye akwatin a zaure. Sannan ya ce a zaɓi lambar sirri.

"Mi a lambar sirri?" in ji Baba.

"Makulli ne, Baba, kar kowa ya shanye maka data."

"Ɗana, ka taɓa ganin an sa ma randar ƙofa kwaɗo? Bar shi buɗe. Wanda yaz zo shi sha."

Ranar har sabbin tabarmi ya shimfiɗa. Ya ɗauka zamanin da ne zai dawo.

Abin da bai sani ba, wannan abin yana ratsa katanga. Maƙwabta suka riƙa sha daga zaurukansu, samari su jingine babura a bayan gida suna latsa waya, tabarmi kuwa sai kaji. Wata rana na zauna wurinsa, ya ce mini, "Ruwa, sai mutum ya taho bakin randa shi ɗiba, ku gaisa. Wanga abu shi ka bin mutane gida." Wallahi maganar ta taɓa ni ƙwarai.

Ashe bai haƙura ba. Ya tambayi Ma'azu abin da ke rage wa akwatin ƙarfi, aka ce masa ƙasa mai kauri. Sai ya sauke shi, ya zura shi cikin busasshiyar randar Batulu, ya rufe da faifai. Daga ranar sabis ɗin bai ƙara wuce inuwar ɗorawa ba. Mai so sai ya zo, ya yi sallama, ya zauna.

Aka dawo kuwa, ana ƙunƙuni. Sai dai kowa kansa a sunkuye, ba mai ce wa wani uffan. Baba ya zuba mana ido na 'yan kwanaki. Rannan bayan la'asar ya miƙa hannu ya zare wayar wutar. Duk muka ɗago a tare.

"Matar can ta Benin ta, mai Faransanci," ya ce, ko dariya babu. "Ta ce ku aje waya ku yi hira, sai an yi magariba."

Muka fashe da dariya, aka kuwa yi hirar. Haka ya riƙa yi kullum, kullum kuma da sabon saƙon da matar ta aiko: yau ta ce wane ya yi aure, gobe ta ce shinkafar bana ba ta kai ta bara ba.

Da daminar da ta wuce Allah ya yi masa rasuwa. Safina ta ce a bar akwatin inda yake, har yanzu ita ke sa masa data. Muna zuwa. Bayan la'asar wani daga cikinmu yakan tashi ya zare wayar, ba tare da an ce masa ba. Sai mu ajiye wayoyi, mu zuba wa randar ido, don babu wanda zai gaya mana abin da matar ta ce.